Rasuwar Pituca, Wadda Aka Ce Ni Na Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushi a gefe, ni Eduvigis Mamani, tsohuwar malamar kimiyya a nan Calama, nake sanar da rasuwar Pituca, motar da ta zame min ɗaki da madafa da abin hawa sama da shekara talatin. Ta cika a watan Yulin nan, tsakiyar hunturunmu, a bakin tafkin gishiri da ke sama da San Pedro, cikin sanyin da ya daskarar da ruwan buta.

Kafin gawar ta iso gari, magana ta riga ta: wai ni na kashe ta. Kowa ya san a kan tudu ana kwantar da mota hancinta na kallon gabas, don hantsi ya ɗumama injin. Ni kuwa, saboda taurin kan masu boko, kullum bayanta nake juya wa gabas. Haka aminiyata Ondina ta faɗa a layin burodi. Ɗana Nibaldo ya ɗora a kai, ya ce tsohuwar da ba ta san gabas ba ta gama riƙe makulli, in zauna gida in yi saƙa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa gudu ba, ko a gangara. Sai in bar ta a gindin dutse in hau da sandata, in dawo da la'asar, in tarar da ita inda na bar ta, abin da ba zan iya faɗa game da marigayi mijina ba. Da safe takan yi tari biyu, "kof, kof", sannan ta kama "taka-taka-taka" har mu sauka. A safiyar ƙarshe tarin ne ya tashe ni. Nibaldo, wanda ya biyo ni karo na farko don ya kula da ni, yana ta murɗa makulli. Ta yi "ƙiii", ta yi shiru.

Ta bar barguna huɗu, risho, butar shayi mai lanƙwasasshen baki, sandar hawan dutse, da ni.

Shekaranjiya na kamo hannun Ondina zuwa garejin da gawar take kwance. Na ce, "Ƙawata, nuna min injin da na hana wa rana." Ta leƙa gaba, ta tarar da tayar safaya da tsofaffin takalmana. Ta ce dama ita ji ta yi ana faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a filin tsofaffin motoci. Daga nan mu wuce bakin hanya, mu gina mata ɗan ɗakin tunawa da kyandir, kamar yadda ake yi wa duk wanda hanya ta ci. Akwai shayi da soyayyen burodin kabewa. Kada a kawo furanni. Wanda ya san inda ake sayar da irinta ya same ni a gefe. Nibaldo ne zai ɗauko bulo.

Injin Pituca a baya yake tun ranar da aka ƙera ta. Safiyar da ta rasu hancinta na kallon gabas. Nibaldo ne ya juya ta, ina barci.