Rasuwar Auta, Tauraron da Noti Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuma a sama, ni Mujahida Nasrullahi ta unguwar Utaibiyya a Makka nake sanar da rasuwar Auta, ƙaramin tauraron ɗan'adam da muka ƙera a ɗakin gwajin jami'armu. Ya cika ranar Talata, yana bakin aiki.

Marigayin bai fi tukunyar shinkafa girma ba, amma akwai ladabi. Mun koya masa kauce wa tarkacen da ke yawo a samaniya ba tare da jiran umarni ba, ya kuwa iya. Da ya hango mushen roka tafe sai ya matsa gefe, kamar ɗan dako ya ga dattijuwa a cunkoson Mina. Ba ya surutu. In ya gifta ta kan Makka, "ƙit, ƙit" kawai yake cewa.

Ladabin nan ne ajalinsa. Ya ba wani tsohon tauraro hanya, sai ya faɗa gaban wani noti, ɗan iskan da ƙanƙantarsa ta hana na'urorin bibiya ganinsa.

Ya rasu ya bar gutsattsari bila adadin, duk marasa tarbiyya. Muna roƙon masu taurari su yi nesa da marayun nan, don ba su gaji halin ubansu ba.

Ya kuma bar Kawu Ɗan'auta na unguwar Ka'akiyya, wanda ya zo Hajji tun yana saurayi, ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, bai sake taka Sakkwato ba. Sunansa na zana a jikin tauraron. Kullum yakan tare maƙwabta ya ce, "Wallah yau ma na wuce ta kan gidanmu na Sakkwato, ba wanda ya ce fen iƙama, ina takardarka!" Da na kai masa labari dariya ya yi, sannan ya juya mini baya. Abin ya yi mini ciwo.

Babu wanka, babu likkafani, domin gawar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Za a karɓi gaisuwa a saman benenmu bayan la'asar, da shayi da dabino. Guntun da ke ɗauke da sunan Kawu na nan muna bibiyarsa, yana saukowa a hankali har ranar da zai ƙone a iska. Kawu ya ce kada a yi masa ta'aziyya. A taya shi addu'a kawai tokar ta sauka a Sakkwato.