Rasuwar Saɓar Ƙwaron Tumatir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar saɓar ƙwaron nan mai wari, mai faɗin baya kamar garkuwa, wadda ta yi kwana tara a gidanmu ƙarƙashin kofin gilashi.

Na haɗu da marigayiyar ne washegarin ranar da maiɗakina ta tafi jinyar yayarta, ta bar mini amanar tukwanen tumatir shida da ta yi wata uku tana raino a baranda. Abu ɗaya ta roƙe ni: wani ƙwaro yana tsotse mata 'ya'yan tumatirin, in sa ido. Na sa ido kuwa. Na gan shi manne da ganye, ƙafa shida cif, na tsinke ganyen na kife da kofi, na aika mata hoto, har da cika bakin cewa maigida ya gama aiki.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman abinci ba, ba ta wari, ba ta yunƙurin gudu. Ni a zatona tsorona take ji. Tsagar da ke bayanta ma na gani, na ce ado ne. Ashe ta nan mai ita ya zare jikinsa, ya bar ni ina gadin tsohuwar riga, shi yana tukunya ta uku yana sha'aninsa.

Marigayiyar ba ta yi doguwar jinya ba. Jiya maiɗakina ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta ɗaga kofin, ta danna da ɗan yatsa. Ƙaras. Wannan ne kaɗai sautin da muka taɓa ji daga gare ta.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda yanzu ya yi fiffike, da ƙwai jere a bayan ganye, da tumatir goma sha tara duk tabo. Ta kuma bar ni. Maiɗakina ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi mini zafi. Cewa kawai ta yi ni da marigayiyar halinmu ɗaya: muna nan inda aka ajiye mu, amma ba kowa a ciki.

Za a binne ta gobe da hantsi a tukunya ta uku. Maƙwabciyarmu ce za ta zuba ruwa, don ita aka miƙa wa butar ban ruwa. Ni an ce in tsaya daga bakin ƙofa.