Ni da A-kori-kura Mai Fulogi Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga Shagari ina danna hon ba, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawar. Mutanen Shagari ma sun taimaka ƙwarai wajen ganin ban manta ba.

A lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ina direba a wani ɗan ofishin gona da ke Boɗinga, watana huɗu da samun lasin. Direba a zamanin nan ba ƙaramin mutum ba ne, ni kuwa na fi kowa sanin haka. Ina da gajeren wando na kaki, da hula da nake karkatawa gefe, da makullin mota da nake kaɗawa a yatsa ko masallaci za ni.

Motoci biyu gare mu a ofishin, duka a-kori-kura (kitika muke ce musu a da). Fentinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, in ka hango su daga bakin ƙofa sai ka ce tagwaye ne. Ɗaya tana hannuna, ɗaya tana hannun Baba Bube, dattijon da shi ne babban direba, shi ne kuma makanikinmu. Ni dai a ganina bambancinsu ɗaya ne: tawa ta fi tsabta.

Ana nan sai aka kawo injin ban ruwa daga Sakkwato, a kan tirela mai taya biyu. Wani jibgegen baƙin ƙarfe ne, lebura shida suka taru kafin su juya shi a tsakar ofis. Baturen gona ya ce ranar Laraba bayan la'asar za a gwada shi a fadamar Shagari, manoman albasa su ga yadda ruwa ke hawa ba tare da jigo ba. Baba Bube ne zai ja shi da motarsa.

To, a nan ne maganar ta shafe ni. A Shagari akwai wata yarinya mai suna Ige, wadda nake nema da aure. Mahaifinta, Malam Altine, manomin albasa ne, mutum mai ƙarancin magana. Da baffannina suka je gaishe shi, bai ce a'a ba, bai ce i ba. Abin da ya ce kawai shi ne yana so ya ga natsuwar yaron tukuna, don direbobin da ya sani ƙafarsu ta fi hankalinsu sauri. Sai na yanke shawarar cewa hanyar da ta fi dacewa in nuna masa natsuwata ita ce in ɗauki aikin da ba a ba ni ba.

Ranar Laraba Bature ya yi gaba tun da safe a motarsa. Na iske Baba Bube kwance a ƙarƙashin tasa motar yana gyaran birki. Na tsuguna na ce, "Baba, tunda taka ba ta gama ba, bari in rage maka aiki in kai injin nan."

Ya fito a hankali, ya goge hannu, ya dube ni.

"Ɗana, taka ɗauka takan yi, ba ta ja."

Na ce, "Haba Baba, ai mota mota ce."

Bai yi fushi ba. Ya kama hannuna kamar zai tsallakar da ni titi, ya buɗe bonet ɗin tasa, ya ce in ƙirga fulogi. Shida. Ya buɗe tawa. Huɗu. Ya nuna mini lagiretonsa, ya kusa ninka nawa. Ya nuna mini wata 'yar sanda kusa da giya, wadda babu ita a tawa, ya ce giyar taimako ke nan, in an sa ta ƙafafu huɗu duka ke cin ƙasa. Muka zaga baya, ya sa na leƙa na ga kaurin sifirin ɗinsa, da wata ƙatuwar ƙugiya.

"Dibi wagga ƙugiya, ga jikin shasi anka ɗaure ta, ƙashin bayan mota ke nan. Kai mi ag gare ka baya? Bamba. Bamba ko noti huɗu ar riƙe da ita. Jira ni, kahin azahar na gama, mu tahi tare."

Na ce, "To, Baba." (Ina da wata irin "to" a lokacin, wadda ma'anarta ita ce na ji ka gama magana.)

Yana tafiya maƙera neman wani ƙarfe, na kira lebura na ce an ce a ɗaura. Ban faɗi wanda ya ce ba, su ma ba su tambaya ba. Muka loda bututai da durom ɗin mai a bayan motata, muka rufe da tamfol har ya toshe gilashin baya. Na naɗa sarƙar tirela a jikin bamba sau uku, na ƙara ɗaurin igiya don a san na yi taka-tsantsan. Madubi ɗaya motar take da shi a gefe, shi kuwa tun makon farko na juyo da shi yana kallon fuskata, saboda hula.

Tun daga ƙofar ofis motar ta fara ba ni shawara. Na sa giya ɗaya, na taka totur, ta yi wani nishi irin na tsohuwar da aka tasa daga barci, sannan ta motsa. Giya ta uku kuwa ban ga idonta ba sai dab da Shagari. Kafin in yi nisa wani mai jaki ya wuce ni, ya yi mini sannu da aiki. Sau biyu lagireto yana tafasa, ina tsayawa bakin rijiya ina roƙon ruwa wajen mata. Wata ta tambaye ni ko motar ba ta da lafiya ne. Na ce mata haka sababbin motoci suke.

Dab da Shagari akwai wani busasshen rafi mai yashi, sai an gangara a sake hawa. A gangaren ne na gane cewa ba ni nake jan inji ba, shi yake tura ni. Na taka birki har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiyarta kamar da wani nake magana. Muka faɗa yashi, muka tsallaka da ƙyar, muka kama hawa. A tsakiyar hawan ta tsaya cik. Tayoyin baya suna juyawa suna haƙa rami, warin kuloci ya cika mini hanci. Na ɗan ja baya, na cika totur, na saki kuloci gaba ɗaya.

Na ji wata ƙara, kwaram! Motar ta yi tsalle ta haye.

Na ce, "Alhamdu lillahi, salansa ta buɗe." Don nan take motar ta zama wata daban. Giya biyu ta shiga, ta uku ta shiga, iska tana kaɗa ni. Na ce a raina ashe duk tsoratarwa ce irin ta tsofaffi, injin dama zafi yake jira ya yi. Na duba madubi, na ga hulata daidai take.

Haka na isa fadama. Jama'a sun cika ƙarƙashin wata tsamiya: wakilin hakimi da dattawa a kan tabarmi, Bature a kujerarsa ta tafi-da-gidanka, manoma tsaye a bakin lambatun da suka yi kwana biyu suna haƙawa don ruwan da zai zo. Can gefe 'yan mata ne da ƙoren fura, na hango Ige a cikinsu. Na danna hon sau uku. Ban tsaya nan take ba, sai da na zaga tsamiyar sau ɗaya, don waɗanda ke baya su ma su samu ganin injin da kyau.

Na kashe mota, na sauko, na cire takalmi, na durƙusa gaban wakilin hakimi.

"Ranka shi daɗe, ga inji na kawo."

Kowa ya zuba mini ido. Na ɗauka mamaki ne ya kama su.

Bature ya cire tabarau. Hausarsa irin ta littafi ce, kowace kalma da gidanta. Ya ce, "Direba, ina injin yake?"

Na nuna bayana da babban yatsa, ta saman kafaɗa, ban ko juya ba. Na ƙara da cewa hanya ta ɗan yi wuya, amma ga wanda ya san aiki ba komai ba ne.

Sai na ji muryar Malam Altine daga cikin dattawa, a hankali, ba fushi ba dariya.

"Ɗana, waiwaya."

Na waiwaya. Ga motata, ga tamfol, ga bututai. Daga nan sai filin Allah har iya ganin ido. Inda bamba take ramuka huɗu ne ke kallona. Abin da na yi daga nan shi ne ya fi damuna har yau: na tashi, na je bayan motar, na sunkuya na leƙa ƙarƙashinta. Injin da lebura shida ke juyawa, shi nake nema tsakanin tayoyi.

Wani tsoho ya ce, "Ko shina tahe daga baya?" Da gaske yake tambaya, don ya ji an ce injin Turawa ne. Daga nan dariya ta ɓarke. Ige ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Daga baya ta ce mini kuka take yi saboda tausayina. Na zauna da ita shekaru masu yawa, na san yadda kukanta yake.

Aka ɗebo igiyoyi, muka nufi rafi a ƙasa, ni a gaba tunda ni na san wurin. Muna isa muka tarar da Baba Bube ya riga mu. Ya faka motarsa a gefe, yana tsaye ya goya hannu a baya yana kallon tirela a cikin yashi, da bambata a lanƙwashe, har yanzu ɗaure da sarƙa. (Ɗaurin igiyata bai kwance ba, a rubuta mini wannan.) Ya kwance bambar ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu. Ya maƙala sarƙa a ƙugiyarsa, ya ja 'yar sandar nan, motar ta yi gurnani ƙasa-ƙasa ta hau gangaren a hankali kamar mai zuwa gaisuwar suruki, tirela na biye da ita. Manoma suka naɗe igiyoyinsu. Malam Altine ya shiga gaba. Ni aka ce in hau baya da kayana.

An gwada injin kafin magariba, ruwa ya hau, mutane suka yi ta salati. Ban gani sosai ba, ina can nesa kusa da motata.

Na ɗauka korata za a yi. Baba Bube ne ya roƙi Bature, ya ce yaron ya iya tuƙi, ji ne bai iya ba. Aka raba ni da sitiyari wata uku, ina wanke motoci ina miƙa masa sifana. A ƙarƙashin motar nan na koyi duk abin da ya gaya mini a tsaye ban ji ba. Bambar kuwa Bature ya ce ba ta gyaruwa, Malam Altine ya roƙa aka ba shi, ya tokare ƙofar garken awakinsa da ita, daidai inda baƙo yake tsugunawa ya gaishe shi.

Bayan damina baffannina suka koma. Malam Altine ya ce ya ba ni Ige, tunda ya ga yaron da aka yi wa dariya gari guda bai gudu ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"In anka tashi kai amarya Boɗinga, Bube shi tuƙa."

Haka aka yi. Na yi shekara talatin da wani abu ina tuƙi bayan nan, kuma ban sake ɗaura kaya a bayan mota ba sai na buɗe bonet na ƙirga, na sunkuya na ga abin da ƙugiya ta kama. In kuwa ina cikin aiki mai nauyi na ji ya yi sauƙi farat ɗaya, ba na saurin yin hamdala. Tsayawa nake in sauka, in zaga baya tukuna.