Takalmi Mai Yatsu Biyar a Teburina

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Malam Habu ba, lokacin ina malamin wasanni a wata sakandare a Kibiya. A shekarar ni da shi muke neman kujerar mataimakin shugaban makaranta, don haka ko gaisuwarsa sai na juya ta sau biyu a raina.

Wata safiya bayan an yi ruwa, na waiwaya na hango shi tsugune a bakin fili yana gwada sawuna da kara. Ɗaukar sawu, da rana tsaka! Daga ranar na daina cin gyaɗar da yake miƙo mini.

Bayan mako biyu na tarar da baƙar leda a kan teburina. Da na buɗe sai ga wasu abubuwa guda biyu baƙaƙe, kowanne da yatsu biyar, kamar an feɗe ƙafar mutum. Ba dunduniya, ba tauri, kuma daidai tsawon ƙafata. Da sanda na ɗauke su (ni da nake da takardar shaidar koyarwa fa), na hau acaɓa sai Tarai wajen kawuna, malamin allo.

Kawu ya daɗe yana kallonsu ya ce, "Ɗana, ni dai ban taɓa gani ba. Ka yi addu'a, kada ka zargi kowa." Na ɗauki rabin farko na maganar, na bar masa sauran. A hanya har na datse babban yatsan ɗaya da reza, wai in karya abin.

Ranar taron malamai na zazzage ledar a gaban shugaba. "Ranka ya daɗe, a tambayi Malam Habu. In ya musa, mu je gaban alƙali!"

Malam Habu ya ɗauki guntun yatsan a hankali.

"Malam, takalmin gudu ne. Ƙanina ke sayar da gwanjo a Kano. Ya ce masu ƙera shi sun lura mai gudu ba takalmi ya fi taka ƙasa daidai, shi ne suka rage masa komai sai ɗan abin da zai tare ƙaya. Na ji kullum kana kukan gwiwa. Na tambaye ka lambar takalminka, ka ce mini ina ruwana, shi ya sa na gwada sawunka."

Wallahi na faɗa masa haka. Na tuna sarai.

Shugaba ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Da yamma na je har gida na ba Malam Habu haƙuri, ya yafe, matarsa ma ta kawo mini fura. Kujerar kuwa shi aka ba, aka ce tana buƙatar mai natsuwa.

Tun daga nan, in na ga abin da ban gane ba, mai shi nake fara tambaya kafin in tara jama'a.