Yadda Na Raba Uba da 'Yarsa a Jirgin Legas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara hawa jirgin sama ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Ni fa mutuniyar gida ce. Daga Ƙarfi sai Malumfashi, in ta yi nisa Funtuwa, nan ma sai biki ko gaisuwa. To, 'yata Rabi ta haihu a Legas, mijinta ya ce in zo wankan jego, in taho da Sadiƙu, ɗansu da ke hannuna tun yaye. Shekararsa uku, angon nawa, kuma ko makewayi na shiga yana tsaye a bakin ƙofa yana jirana.

Na ɗauka a cinya zan ɗora shi kamar a motar kasuwa. Ashe a sama yaro kamarsa kujerarsa daban. Surukin nawa kuwa bai sayi tikitinmu rana ɗaya ba, don haka muna shiga jirgin a Kano, wata ɗaliba da na nuna wa takardunmu ta ce, "Mama, ke nan tsakiyar jirgi, yaron kuma can baya."

Can baya? Yaron da ya riƙe mini zane har ya kusa kwance shi? Na ce a raina, yau ko jirgin nan zai kwana a ƙasa ba zan sake shi ba.

Ga ma'aikatan jirgin nan tsaye, amma ban ko kalle su ba. A wurinmu ba a damun direba da maganar zama, fasinjoji ke daidaita kansu. Kuma ni gwana ce a nan (ku tambayi masu zuwa kasuwar Danja, har awaki na sha sama wa wuri).

Kujeru uku ne a jere: wata 'yar yarinya a jikin taga, wani matashi a tsakiya, sai tawa. Na ce, "Malam, yarinyar nan taka ce?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. "Ai... ta gida ce, Mama."

Na ga wata Hajiya a kujerar gaba ta juyo ta miƙa wa yarinyar biskit. Shi ke nan, na gama lissafi: ga uwa nan.

"To tashi, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Koma kujerar jikana. Kai ƙato ne, ba mai sace ka."

"Mama, ai dama..."

"Dama me? Za ka so a raba ƙaramin yaro da nasa a sararin samaniya? Ba ka haihu ba ne shi ya sa."

Wallahi haka na ce masa. Ya dube ni, ya dubi yarinyar da ta manna hanci a taga, ya tashi sumui-sumui ya tafi.

Na zaunar da Sadiƙu, na shiga binciken duniya. Na buɗe ɗan teburin, na rufe. Na murɗa wani abu a sama, iska ta feso mini a ɗankwali. Ina cikin tunanin ko ta ina hayaƙin jirgi ke fita, yarinyar ta juyo za ta nuna wani abu, ta ga baƙuwar fuska.

"Abba! Abbaaa!"

Ihun nan na tabbata har matuƙi ya ji. Sadiƙu ya taya ta don kara. Na taɓo Hajiyar gaba. "Baiwar Allah, 'yarki na kuka."

"'Yar wa? Ni biskit kawai na ba ta."

A nan na gano bakin zaren. 'Yar fari ce! Kunya ce ta hana bawan Allah ya ce tasa ce a gaban tsohuwa. Ni da har yau bakina ba ya iya kiran sunan babban ɗana, ni ce ban gane ba.

Ma'aikaciya ta iso, 'yar Bahaushiya siririya. "Waye ke tare da yarinyar nan?" Daga can ƙarshen jirgi hannu ya ɗago a hankali. Kowa ya waiga, sannan kowa ya dawo da ido kaina.

"Mama, ke kika tashe shi?"

"Don kada a raba yaro da nasa," na ce. Wani Alhaji ya yi dariya har da tari.

Ma'aikaciyar ta ce ai a ƙa'idarsu ba sa barin ƙaramin yaro ya zauna ba babbansa a gefe, da na yi magana da tuni an gyara. (Har a wannan halin sai da na tambaye ta ko su ma suna jin tsoro in an tashi. Ta ce in zauna tukuna.) Ta roƙi wani mai tafiya shi kaɗai a gefen kujerar Sadiƙu ya dawo kujerata, ta mayar da uban ga 'yarsa, ni da angona muka bi layi zuwa can bayan da na rantse ba za a je ba, ina jin ana ƙus-ƙus.

Da muka sauka, matashin ya zo ya karɓi jakata, 'yarsa a kafaɗa. "Mama, ki yi haƙuri, na sa kin sha wahala." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, in na yi wa mutum tambaya ya fara "ai dama", sai in kama bakina har ya ƙarasa. Mutanen gidanmu dai sun ce har yanzu ba su ga alama ba.