Hannun Surukina a Firam

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa surukina hotonsa a Jajaye ba. Lokacin ina malamin firamare a Karaye, ina ji da kaina, ina neman auren Hanne, kuma ba a ba ni ita ba tukuna. Mahaifinta Bafulatani ne mai shanu, mutum mai ƙarancin magana. Duk zuwan da na yi, ban taɓa jin ya ce mini wani abu bayan "lafiya lau" ba, shi ya sa kullum nake neman hanyar da zan burge shi.

Wata rana Hanne ta miƙo mini wani guntun fim a cikin ambulan. Ta ce wani mai hoto da ke yawo ranar kasuwa ne ya ɗauki Baffa, wato mahaifin nata, ƙaramin hoton yana wajen Baffan, yana so a wanke masa babba amma bai san wanda zai aika Kano ba. Na ce ai an gama. (Ban tambaye ta abin da ke cikin hoton ba. A ganina malami ba ya tambaya, shi ake tambaya.)

Da na sauka daga kiya-kiya a Kano, maimakon in nemi mai hoto, sai na fara sayen firam. Dogo ne a tsaye, mai gilashi da ruwan zinare a gefe, irin wanda nake gani da hotunan manya a sakatariya. Na rungumo shi na shiga wani shagon wanke hoto.

Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya ɗaga fim ɗin a haske, ya dubi firam ɗina.

"Malam, hoton nan a kwance aka ɗauke shi, faɗinsa ya fi tsayinsa. Firam ɗinka kuma inci goma sha shida ne da ashirin, a tsaye. Ko dai in sa hoton duka a bar fari sama da ƙasa, ko in cika firam amma in yanke dama da hagu."

Na ce fari kuma? A hoton surukina? A cika shi fal.

"To duba abin da za a yanke tukuna."

Na karɓa na ɗaga sama kamar yadda na ga ya yi. Gaskiyar magana ban ga komai ba sai wani baƙin abu jibgege a tsakiya, na ɗauka babbar riga ce. Ashe a fim fari baƙi yake fitowa, ni kuwa ban sani ba.

"Na tsakiyan nan shi ne babba," na ce da shi. "Gefen ba komai sai karan dawa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to, ai ni na san mutanena.

Bayan kwana uku na dawo na tarar an naɗe shi da takardar siminti, an ɗaure da igiya. Ya ce in buɗe in gani. Na ce ina saurin mota, kuma ba na so ƙura ta taɓa shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na isa Jajaye a babur. Zaure cike yake da dattawa, har da mai unguwa, abin da ya ƙara mini daɗi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, na tura ƙunshin gaban Baffa, na sunkuyar da kai. Kun san dai yadda ake yi a gaban suruki: idona a kan tabarma, ba ni da ikon ɗagowa.

Na ji an kwance igiya, takarda ta yi ƙara, sai zaure ya yi tsit. Na ce a raina kyan hoton ne ya kashe musu baki. Da shirun ya yi yawa, sai na ga ya kamata in taimaka musu.

"Ni na zaɓi girman da kaina," na ce a hankali. "Mai hoton ma ya so ya kawo wani tsari, na ce a'a, a fito da babban kawai, a yanke tarkacen gefe."

Wani ya yi tari. Mai unguwa ya ce, "Malam, ɗago ka ga babban."

Na ɗago. Wani farin bijimi ne ya cika firam daga sama har ƙasa, da tozonsa da ƙahonninsa, yana kallona ta cikin ruwan zinare. Can gefen hagu kuma ga hannu ɗaya riƙe da igiya, da bakin malafa kaɗan. Abin da ya rage na Baffa ke nan. Ashe shi a gefe ya tsaya, ya bar wa sansa tsakiya, ni kuma na kira shi tarkace a gaban mutanen garinsu. Na tabbata Hanne ta kuɓuce mini.

Baffa ya daɗe yana kallon hoton. Ya sa yatsa ya shafi gilashin wajen tozon.

"Ya fito," ya ce. "Fuskata ai ina da ita. Shi ne za a kai kasuwa."

A nan na ji cewa san da ya rena tun yana maraƙi zai sayar, don ya yi wa Hanne kayan ɗaki. Dattawa suka saki dariyar da suke ta riƙewa, ni kuwa kunya ta ƙaru a kan kunya.

An ba ni Hanne bayan girbi. Ranar da aka kawo kayanta, sai ga firam ɗin a ciki, Baffa ya ce a ba malami, tunda shi ya zaɓa. Yana nan a falonmu har yau. Duk baƙon da ya tambaya, Hanne takan nuna hannun ta ce, "Wannan Baffana ne, sauran kuma zaɓin Malam ne."

Tun daga ranar, in aka ce mini buɗe ka gani, buɗewa nake yi, ko da motar za ta tashi ta bar ni.