Kunne Ɗaya Ya Ishi Lulash

"Ni kunne ɗaya ya ishe ni raba gardama." Haka ƙanena Lulash yake cika baki kullum a shagon kofi, yana murɗa gashin baki. Allah ya jiƙansa, zuciya fara tas, amma kai kamar kabewa.

Wata shekara maƙwabcinmu Zef ya tashi ya ce idon ruwan da ke ƙasan gonar Drane nasa ne. Drane kuwa mijinta ya rasu, da ruwan nan take rayar da 'yar gonar wakenta. In ya tafi, abincinta ya tafi. Mu nan tsaunukan Albaniya ba ma kai maganar iyaka kotu. Kowa ya kawo dattijonsa, a ji ta bakin kowa, sannan wanda aka yarda da shi ya rantse, ya saɓa dutse a kafaɗa, inda ya dire nan ce iyaka.

A wannan karon Lulash aka yarda ya ɗauki dutsen. Ya kwashi gasasshen rago a gidan Zef, ya fito yana sakace, wai ya gama bincike. Drane ta ce dattijonta na hanya, ya ce tsoho ya huta. Ta ce tana da shaidu, ya ce ta adana su sai biki. Na ja shi gefe na ce, "Kai sakarai, ka ji ta bakinta mana." Ya ce, "Yaya, wannan aikin manya ne."

Dutsen da ake ɗauka bai fi curin burodi ba. Gogan naku ya zaɓi mai girman ɗan maraƙi. Ya kuma sa jama'a suka amsa cewa inda ya sauka magana ta mutu, babu "amma".

Taku uku, gwiwa ta fara rawa. Na biyar, wando ya yage. Na bakwai, dutse ya suɓuce ya kama gangara. Ya wuce idon ruwa, ya ratsa gonar Zef, ya fasa shinge, ya zauna daram tsakiyar lambun tuffan Lulash. Ruwa, gonar Zef da rabin tuffa duk sun koma na Drane.

Zef ya fara neman a dawo masa da ragonsa. Lulash kuwa ya durƙusa, hannu ɗaya riƙe da wando.

"Drane, 'yar'uwa, ki tsaya ki ji ta bakina."

Ta gyara ɗankwali ta ce, "Na ji ta bakin dutse, Lulash. Ni ma kunne ɗaya ya ishe ni."